Akwatin Dakta Mahbub

Tun daga ranar da aka fara yi wa yara lamba a dantse, ba a taɓa yi wa talakan yammacin Kano gata irin wanda Shirin Binciken Hawan Jini a Ƙananan Asibitoci ya yi masa ba. Dakta Mahbub Dalhatu ne ya faɗi haka a taruka uku, ɗaya ma a ƙasar waje, kuma babu wanda ya fi shi sani, tunda shi ne jagoran shirin. Asibitoci goma sha huɗu yake haɗa kan bincikensu tsakanin Gwarzo da Kabo. Kowanne yana da ma'aikaci ɗaya, da benci biyu, da kwabar magani wadda gwamnati ta manta da ita tun lokacin da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Daga cikin waɗannan ɗakuna Dakta ya tatso maƙala tara. Saura biyu jami'a ta kira shi farfesa.

Saboda haka, da aka wayi gari wata Asabar, cikin daminar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a, aka nemi akwatin ƙarfen da ke ɗauke da fom ɗari huɗu na asibitin Rijiyar Indo aka rasa, ba ƙauyen kaɗai aka yi wa sata ba. Ilimi aka yi wa. Haka Dakta ya shaida wa jama'a daga kan barandar asibitin, ya ƙara da cewa har da na'urar awon jini a cikin akwatin, wadda darajarta ta wuce nisabin yanke hannu nesa ba kusa ba.

Ba a fasa ƙofa ba, ba a ɓalle taga ba. Makullin ɗakin guda uku ne: ɗaya wurin Malama Uwaliya, ma'aikaciyar lafiyar da ke riƙe da asibitin, ɗaya wurin Haladu maigadi, ɗaya wurin Dakta. Mutanen gari suka ƙirga biyu. Da suka tuna cewa Uwaliya ba za ta iya ɗaga akwatin ba, sai ya zama saura ɗaya.

Rijiyar Indo, ƙauyen da ke maƙale tsakanin Durun da Garo, ba ta taɓa zama ta farko a komai ba. Samarin kwamitin Shari'a na garin, ƙarƙashin wani Badamasi mai faci, suka ga dama ta samu. Kafin azahar an kulle Haladu a ɗakin da ke jikin zauren Dagaci, an sa Alhamis za a kai shi kotu, yara kuma har sun fara gardamar ko hannun dama ake cirewa ko na hagu.

*

Uwaliya ta hau acaɓa ta nufi Madadi, tana zagin ramukan hanya ɗaya bayan ɗaya. Ta iske Mijinyawa yana maimai a gonar dawarsa. Dattijo ne siriri, kakanninsa makiyaya, shi kuwa shanu biyar suka rage masa da wata baiwa: in aka kore wa mutum shanu, shi ake kira ya bi sawu. Sai da suka gaisa, aka tambayi gida da ruwa da gajiya, sannan ta zazzage masa labari.

“Ni sawun shanu nake bi, Malama,” in ji shi. “Takarda ba ta da kofato.”

“Wanda ya ɗauke ta yana da ƙafa, Baba.”

“Me ya sa kika ce ba maigadin ba ne?”

“Shekara goma sha ɗaya yana gadin wurin. Wata bakwai ba a ba shi albashi ba, ko audugar goge ciwo bai taɓa ɗauka ba. Yau kuma sai ya saci takardun da ba ya iya karantawa? Ya yi me da su, ya yi miya?”

Mijinyawa ya jingine fartanya. “Yaushe aka yi ruwa na ƙarshe a wajenku?”

“Alhamis.”

“To, ƙasa tana riƙe da magana. Mu je kafin a tattake mata baki.”

Sun makara. Harabar asibitin ta zama kamar masussuka. Mijinyawa ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ƙasa, jijiyar wuyansa tana motsi.

“Mutum nawa ne a garin nan?”

“Za su kai dubu,” in ji Badamasi, wanda ya biyo su da sandarsa.

“Wa ya rage bai zo ba, in je in gaishe shi?”

“Jaje aka zo yi, Baba.”

“Har da jakuna, na gani. Kai kuma ga ka nan, ga ka can, ga ka a bakin taga. In da sawu kaɗai zan bi, kai zan ɗaure.”

*

Haladu yana zaune a kan buhu, ya cusa hannayensa biyu cikin aljihun riga kamar mai ɓoye su daga masu saye. Ya haura hamsin, gemunsa ya fara furfura.

“Ina kake ranar Juma'a?” in ji Mijinyawa.

“Dakta ya zo da hantsi, shi da direbansa, suka duba abin da za su duba suka tafi. Malama ta tashi sha biyu. Na kulle, na bi mutane Durun sallah.”

“Gari ya zama babu maza ke nan.”

“Kowace Juma'a haka ne.”

“Da ka dawo fa?”

“Ƙofa a kulle. Ban leƙa ba. Da dare kuwa a bakinta nake kwana, ko ɓera bai wuce ta kaina ba.”

Badamasi ya kasa haƙuri. Ya zaro wata takarda daga aljihu, ta jiƙe da mai da yaji, ya kaɗa ta a fuskar Haladu. “Tambaye shi wannan. Jiya ƙanena ya sayi tsire a tashar Kabo, wurin Maikuɗi, a cikin wannan aka naɗe masa. Ga tambarin shirin nan a sama.”

“Kai ka ba Maikuɗi takarda?” in ji Mijinyawa.

Haladu ya sunkuyar da kai. “Na sha ba shi. Waɗanda suka lalace, da Malama ta ce a zubar.”

“Kun ji,” in ji Badamasi. “Allah ya tona.”

“Allah ya tona cewa ƙanenka yana cin tsire,” in ji Uwaliya. “Ka bi sawun wannan ma, tunda ba shi da sana'a.”

*

Ranar Lahadi suka je Gwarzo. Ofishin shirin ɗaki biyu ne, da fanka, da taswira mai jajayen allurai goma sha huɗu. A ƙofa direban Dakta, Uwaisu, yana wanke mota. Saurayi ne mai gemu da wando ɗangalalle, ya cire takalmansa sau-ciki ya ajiye a inuwa don kada su jiƙe. Ya durƙusa ya gaishe da Mijinyawa, amma bai ɗago ido ba. Mijinyawa ya amsa wa takalman, domin shi ta ƙasa yake fara sanin mutane.

Dakta Mahbub ya karɓe su da fara'a irin ta wanda ya saba da masu neman taimako. Ya yi musu bayanin shirin tun daga tushe: yadda likitancin gaskiya yake farawa daga ƙaramin asibiti, yadda shi kaɗai ya nace wa wannan fanni lokacin da abokan karatunsa suka gudu Saudiyya da Ingila, yadda yake barin iyalinsa a Kano yana cin kwalta da laka.

“Mene ne a jikin takardun?” in ji Mijinyawa.

“Kowane fom shafi biyu ne, Baba. Na farko yardar mara lafiya, da dangwalensa. Na biyu awon jininsa. Ran Litinin ta sama masu ba da tallafi za su turo wata baturiya ta duba su ɗaya bayan ɗaya.” Ya buɗe tafukansa. “Yanzu me za ta duba? Aikin shekara biyu.”

“In ba ta gani ba fa?”

“Sai a haƙura da alkaluman da na riga na shigar a kwamfuta. Sata ƙaddara ce, su ma sun sani.”

“Shi Haladu fa, Dakta?” in ji Uwaliya. “Shi ma ƙaddara ce?”

“Malama, ni likita ne, ba alƙali ba. Shari'a kuma ba ni na kawo ta ba, ko da yake ina cikin waɗanda suka fi kowa murna.”

Suka kama hanyar tasha. Can Mijinyawa ya tofar da yawu.

“Shekara arba'in ina zama da waɗanda aka yi wa sata. Wani kuka yake yi, wani zagi. Amma duk tambayarsu ta farko ɗaya ce: ina suka nufa? Mutumin nan ya ba ni shayi, ya ba ni tarihin rayuwarsa. Bai tambaye ni ina suka nufa ba.”

*

Maikuɗi mai tsire ya ga Uwaliya da dattijo sun nufo tukubarsa a tashar Kabo, ya fara rantsuwa tun kafin su yi sallama.

“Na ji labari. Wallahi akwati ban gan shi ba. Ni da ko tiren kirki ba ni da shi.”

“Nuna mini takardunka,” in ji Mijinyawa.

Ya jawo kwali daga ƙarƙashin tebur. Tsofaffin jaridu, takardun jarrabawar firamare, sai fom na shirin kamar ashirin. Uwaliya ta duba su.

“Lalatattu ne. Rubutuna ne, ga inda na soke. Amma duk shafi na biyu ne. Ina na farkon?”

Maikuɗi ya dafe ƙirji. “Haba Hajiya. Ni jahili ne, amma ba kafiri ba. Na farkon ai da Bisimilla a samansa, da ajami, ga ta ɓaro-ɓaro. In naɗe nama da sunan Allah, a ci a yar a kwata, a taka? Tun farko na ce wa Haladu ya riƙe abinsa. Na Turancin nake karɓa, shi ko an taka ba komai.”

Mijinyawa ya juya wajen Uwaliya. “Takardar asibiti da Bisimilla?”

“Dabarar Dakta ce. Da aka fara maganar Shari'a mutane suka ƙi dangwalawa, suka ce takardar Nasara ce, ta hana haihuwa. Sai ya sa aka sake bugawa da Bisimilla da salati a sama. Har maƙala ya rubuta a kai, wai yadda ake shigar da addini cikin bincike. Ita ce ta bakwai.”

“Kowane fom?”

“Kowanne.”

Mijinyawa ya ɗauki tsinke ɗaya daga tiren, ya ci, bai tambayi kuɗinsa ba, Maikuɗi kuma bai ga fuskar tambaya ba.

“Malama, in aka ce ki ɓatar da takarda a asibitinku, ina za ki kai?”

“Ramin baya. Inda muke ƙona bandeji da sirinji da duk ƙazantar haihuwa.”

“Mutanen jaje sun je can?”

“Wa zai je? Wari ne.”

*

Ramin yana bayan asibitin, bayan wata 'yar gonar kuɓewa, kuma ƙasar wurin tana nan yadda ruwan Alhamis ya bar ta. Mijinyawa ya hana Uwaliya matsowa. Ya tsuguna, ya daɗe, ya tashi, ya zagaya, ya sake tsugunawa.

“Zo ki gani, amma ki bi bayana. Ga akuya, ga kaza, ba ruwanmu da su. Ga mutum. Sau-ciki. Ya zo da kaya mai nauyi, dubi yadda ya nutse. Nan ya dire akwatin, ga kusurwoyinsa huɗu. Ga tsinken ashana, bai ƙyasta ba.” Ya nuna da sandarsa. “Nan kuma ya tsaya. Ya je, ya dawo, ya je, ya dawo. Sau shida. Saniya ba ta yin haka sai in ta ga kura a gaba, makiyayi a baya.”

“Ya buɗe akwatin ke nan,” in ji Uwaliya a hankali. “Ya ga abin da ke sama.”

“Ya gani, ya dubi ramin, ya ga abin da ke ciki. Sai ya sake ɗauka.” Mijinyawa ya sa yatsa a cikin sawun. “Dubi dunduniyar dama. Ta cinye ta gefe guda, ta hagu kuwa lafiya lau. Manomi ba ya cinye takalmi haka. Mai taka totur ɗin mota ne.”

Sawun ya ratsa kuɓewa, ya bi gefen wata gonar gyaɗa, ya ɓace a dandalin masallacin unguwa, inda kowa yake takawa sau biyar a rana. Mijinyawa bai ko nemi shi a nan ba. Ya tsaya yana kallon ginin.

“Ina kuke ajiye tsofaffin warƙoƙin Alƙur'ani da suka yage?”

“Ɗakin makara, ina ji. Liman ke tara su, in sun yi yawa a binne.”

Ɗakin ba shi da kwaɗo, domin babu mai shigarsa da son ransa. Akwatin yana can a kan wani kututture, nesa da ƙasa, an rufe shi da tsohuwar darduma, makullinsa a jiki. Ɓarawon har ya share wurin kafin ya ajiye.

Uwaliya ta ɗaga murfin. Na'urar awon jini tana sama, robarta a fashe.

“Wannan ce ta wuce nisabi,” in ji ta. “Tun bara ta fashe. Dakta ya ce zai kai gyara Kano.”

“To da me kike awon?”

“Mutum sittin da uku na auna kafin ta mutu. Su nake ba magani duk Litinin. Sauran ya ce ɗalibansa ne suke zuwa da tasu na'urar ranakun Asabar, in na tafi gida Gwarzo. Akwatin kuma a hannunsa makullinsa yake.”

Mijinyawa bai iya boko ba, ajamin ma da ƙyar. Ya ɗebi fom ɗin ya fito da su haske, ya jera a kan darduma, yana bin shuɗin dangwalen da ke ƙasan kowanne kamar yadda yake bin kofato a bakin rafi. Ya ware wasu gefe. Ya ɗebo wasu. Tulin dama yana ta tsawo.

“Mutum nawa kika ce?”

“Ɗari huɗu.”

“Waɗannan na hagu mutane ne, kowa da yatsansa. Waɗannan na dama mutum ɗaya ne. Ga tabo ya ratsa shi a karkace, irin yankan lauje. Ga shi nan, ga shi nan, ga shi nan. Garke guda, ƙafa ɗaya.”

Uwaliya ta ɗauki ɗaya ta karanta sunan. “Halima Sa'adiya, matar Sarkin Noma. Awon watan jiya, jininta ya sauka.” Ta ajiye fom ɗin. “Ni na yi mata wankan gawa shekara biyu da suka wuce. Daga wannan ɗakin aka ɗauko makarar da aka kai ta.”

*

Ranar Laraba bayan la'asar aka taru a zauren Dagaci. Dagaci yana kan kujera, Liman a damansa, Dakta a kan kujerar roba da aka aro masa. Uwaisu direba ya rakuɓe a bakin ƙofa. Badamasi da samarinsa suka shigo da Haladu. Akwatin yana tsakiya, an rufe shi da darduma.

Mijinyawa bai yi doguwar magana ba. Ya faɗi ramin, da ashanar, da zirga-zirga shida. Sannan ya yaye dardumar, ya ce, “Uwaisu, miƙo takalminka na dama.”

Uwaisu bai miƙo ba. Ya zame ya zauna a ƙasa.

“Na sauke Dakta a masallacin Juma'a na Gwarzo, ya ba ni makullai, ya ce in dawo in ƙone fom ɗin a ramin, akwatin in jefa a kududdufi. Ya ce tsofaffin takardu ne. Na buɗe na ga sunan Allah, na ga abin da ke cikin ramin.” Ya share fuska da hula. “Juma'a ta wuce ni saboda wannan aiki. Tun da na balaga ba ta taɓa wuce ni ba.”

“Da ka ji za a kai wani kotu fa?” in ji Uwaliya. “Nan taƙawar ta ƙare?”

“Dakta ya ce ba za a yi masa komai ba, babu shaidu.”

“Haladu,” in ji Mijinyawa, “fito da hannunka daga aljihu.”

Haladu ya fito da shi. A babban yatsansa na dama akwai tsohon tabo a karkace. Mijinyawa ya ajiye fom a gefensa, Liman ya sa tabarau ya duba, ya cire.

“Asabar biyu na yi ina dangwalawa,” in ji Haladu. “Dakta ya ce kamar na zaɓe ne, masu shi sun yarda, zuwa ne ba za su iya ba. Ai mun saba yi wa mutane. Har yatsan ya kumbura.”

“Me ya sa ba ka faɗa ba?”

“Akwati aka tambaye ni, Baba.”

Duk ido ya koma kan Dakta. Wanda ya sha tsayawa gaban farfesoshi yana kare alkaluma ba zauren Dagaci ne zai firgita shi ba. Ya gyara zaman hularsa.

“Ranka ya daɗe, na gode wa wannan dattijo, ya yi aikinsa. Yanzu sai a saurari nawa. Wa ke kawo maganin hawan jini asibitin nan? Gwamnati?” Ya dubi Dagaci. “Shirin ne. Nan da sauran goma sha uku. Su masu tallafi ba sa ba da magani don mutum sittin da uku, adadi suke so. Na nemi na'ura, na nemi ma'aikata, jami'a tana yajin aiki, ma'aikata ba albashi. Ran Litinin baturiya za ta zo. In ta rubuta cewa jagoran shiri ne ya yi wannan, ran Talata an rufe komai. In kuwa ta rubuta cewa wani ƙaramin ma'aikaci ne, da jahilci, ya cike takardu don ya burge, ni kuma na gano na ware su, to, kuskuren fili ne. Ana samunsa ko'ina a duniya. A cire alkaluman Rijiyar Indo, a sallami mai laifi, magani ya ci gaba da zuwa.”

“Ƙarya kake so a ɗora wa ƙarya,” in ji Uwaliya. Muryarta ta cika zauren. “Ka auna matacciya, jininta ya sauka. Ka bar bawan Allah kwana huɗu a kulle, yara suna rabon hannunsa. Shi da bai san harafi ba, shi ya rubuta suna ɗari uku da talatin da bakwai da Turanci?”

“Baturiyar dangwale za ta duba, Malama. In kuma rubutu kike so a bincika, ke ce ma'aikaciyar da ke riƙe da asibitin.”

Dagaci ya yi gyaran murya. Kowa a zauren ya san cewa duk Litinin ana kai masa ƙwayoyinsa a ƙunshe, kuma tun da ya fara sha jirin ya daina kayar da shi a masallaci.

“Malam Liman, me littafi ya ce?”

“Game da sata, babu ita,” in ji Liman. “Mai kaya ya aika a ɗauko kayansa. Babu haddi a kan kowa.”

“To shi ke nan?” in ji Badamasi. “Mu da muka yi kwana huɗu muna gadi?”

“Allah ya ba da lada. Game da ɗayar maganar kuwa,” Liman ya dubi rufin zauren, “akan ɗauki ƙaramar ɓarna don kauce wa babba. Amma da yardar wanda za ta faɗa wa.”

Mijinyawa ya tashi tsaye, sandarsa tana bugun ƙasa. “Ni aka kira in bi sawu, na bi, ga inda ya tsaya.” Ya nuna kujerar roba. “Shekara arba'in, ban taɓa kai mutane har ƙofar ɓarawo ba suka ce a kama saniyar.”

“Baba Mijinyawa,” in ji Dagaci, “an gode. Za a kai maka dawa.”

“A kai wa jakunan da suka zo jaje.”

Bai fita ba, duk da haka. Ya tsaya a bakin ƙofa, domin Haladu ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

“Malama, Hajjo tana cikin na gaskiyar ko?”

Uwaliya ta dube shi. Hajjo matarsa ce, wadda ɓarin jikinta ya taɓa mutuwa ya dawo. “Tana ciki, Haladu. Ita ce ta tara. Amma kada ka...”

“In an sallame ni, za a ci gaba da ba ta?”

“Mara lafiya mara lafiya ne,” in ji Dakta. “Ba ruwan magani da laifin miji.”

Ya riga ya zaro takardar amsa laifi daga jakarsa. A buge take da keken rubutu, da kwanan wata na jiya, da Turanci mai kyau. Bai karanta wa kowa ba, babu kuma wanda ya nema. Ya ce wa Dagaci, cikin muryar mai tunani, wannan matsala ta amanar ƙananan ma'aikata abu ce da ya kamata a yi rubutu a kai, domin ba a taɓa nazarinta sosai ba.

Tawadar dangwale tana cikin akwatin. Haladu ya buɗe ta da kansa, ya hura mata iska don ta yi laushi, ya danna yatsa, ya mirgina shi a kan takardar daga hagu zuwa dama, tsaf, babu dagulewa. Ya ciro makullin asibiti daga wuyansa ya ajiye gaban Dagaci, ya ɗora tocila a kai.

Uwaliya ta kama hannunsa, ta ciro auduga daga jakarta tana goge masa yatsan da ƙarfi, kamar da shi take faɗa.

“Bar shi, Malama,” in ji Haladu. “Kwana uku take yi kafin ta fita.”